DAUDA TOEWS, BAƘON DA YA BUƊE WA BAƘI ƘOFA

A lokacin murna irin wannan ya kamata mu waiwaya baya, mu tuna da bayin Allah da suka riga mu, ko da ba su taɓa sa ƙafa a ƙasarmu ba. Gama ekklesiyar Kristi ɗaya ce a duniya duka, labarin amincin wani kuwa ya kan ƙarfafa zuciyar wani. Saboda haka za mu ba ku labarin Dauda Toews, malamin makaranta, dattijon ekklesiya, uban 'ya'ya tara. Shi kansa baƙo ne a ƙasashe uku. Daga baya ya ɗauki bashin da ya fi ƙarfinsa domin ya ceci 'yan'uwansa fiye da 20,000 daga yunwa da tsanani. Ya yi shekara 77 a duniya, daga 1870 zuwa 1947.

Jama'arsa

Dauda daga cikin Mennonawa ya fito. Asalin wannan jama'a ya soma a ƙasar Suwizalan a shekarar 1525, sa'ad da waɗansu masu bi suka ce ba za a yi wa mutum baftisma ba sai ya girma ya ba da gaskiya da kansa. Sunansu ya samo daga Menno Simons, wani limamin Katolika na ƙasar Holan, wanda ya bar aikinsa a 1536 ya shiga cikinsu, ya zama makiyayinsu. Ba su ɗaukar makami, ba su kuwa yin rantsuwa, sun ce maganar mai bi ta isa ba tare da rantsuwa ba. Ku riƙe wannan a zuciya, domin shi ne jijiyar labarinmu.

Saboda waɗannan abubuwa aka yi ta tsananta musu, suna ƙaura daga ƙasa zuwa ƙasa. Daga 1789 da yawa suka koma Rasha, gama Sarauniya Katarina ta yi musu alkawarin gonaki da 'yancin addini, ba za a kuma sa 'ya'yansu aikin soja ba. Suka share daji, suka noma alkama, suka arzuta. A wani ƙauyensu mai suna Lysanderhöh, kusa da kogin Volga, aka haifi Dauda ran 9 ga watan Fabrairu 1870. Ubansa Yakubu Toews mai wa'azi ne.

Tafiya Zuwa Gabas

A 1874 gwamnatin Rasha ta kafa dokar aikin soja a kan samari duka. Hankalin Mennonawa ya tashi. Wajen mutum 18,000 suka ƙetare teku zuwa Amurka da Kanada. Amma wani mutum mai suna Claas Epp ya tashi yana koyarwa cewa ƙarshen duniya ya yi kusa, mafakar masu bi kuwa tana gabas, can tsakiyar Asiya. Har ya ƙayyade ranar dawowar Ubangiji, ya ce cikin shekarar 1889 ne. Iyalai da yawa suka sayar da gonakinsu, suka ɗaura kaya a kekunan doki, suka nufi gabas. Gidan su Dauda na cikinsu. Shekararsa 10 a lokacin, wato a 1880.

Tafiyar ta yi tsanani ƙwarai. Suka ratsa hamada da tuddai wata da watanni, ruwa ya yi wuya, ciwo ya shiga ayarin, aka yi ta binne yara a bakin hanya. Duk da haka Allah bai bar su ba tare da masu jinƙai ba. A wani gari mai suna Serabulak, cikin ƙasar da a ke kira Uzbekistan yau, sanyi ya tsare waɗansu daga cikin matafiyan. Musulmin garin suka karɓe su, har suka ba su aron masallacinsu su yi sujada a ciki ran Lahadi. Jikokin waɗannan matafiya ba su manta da wannan alheri ba har wa yau.

Da suka kai ƙasar Sarkin Khiva, mahara suka dame su da satar dawakai da kaya, koyarwar Epp kuma ta yi ta ƙara karkacewa. Yakubu Toews ya gane an ɓatar da su. A 1884 ya kwashi iyalinsa, tare da waɗansu iyalai, suka juyo, suka yi doguwar tafiya har garin Newton a jihar Kansas ta Amurka. Shekarar 1889 ta zo ta wuce, duniya tana nan yadda ta ke. Yaron nan ya ga abu biyu da idonsa tun bai balaga ba: ya ga ɓarnar da a kan yi in an bi mafarkin mutum an bar Maganar Allah, ya kuma san yadda zuciyar baƙo ta ke sa'ad da ba shi da wurin sa kansa.

Malami Da Mai Gida

A Kansas Dauda ya koyi Turanci, ya shiga makarantar Mennonawa ta Halstead a ƙarƙashin wani malami mai suna H. H. Ewert, ya fita ya zama malamin makaranta. Da Ewert ya koma Kanada, sai ya kira almajirinsa ya zo ya taimake shi. Haka Dauda ya shiga lardin Manitoba a 1893. Ya koyar, ya ƙara karatu a birnin Winnipeg, sa'an nan a 1898 ya yi gaba zuwa yamma, wajen garin Rosthern, a yankin da ya zama lardin Saskatchewan a 1905. Ƙasa ce shimfiɗaɗɗiya mai faɗi, ga alkama da damina, ga sanyi mai daskarar da ruwa kusan rabin shekara.

Can ya sami matarsa, Margarete Friesen, suka yi aure a 1900. Allah ya ba su 'ya'ya tara, mata takwas da namiji ɗaya. A 1901 aka keɓe shi mai wa'azi a ekklesiyar Rosenort, a 1913 kuwa ya zama babban dattijonta. Ya ga yaran baƙi suna bukatar ilimi cikin harshen ƙasar da harshen iyayensu, tare da koyarwar Littafi Mai Tsarki. Saboda haka ya tsaya da ƙarfinsa har aka buɗe makaranta a Rosthern a 1905, ya kuwa shugabance ta shekaru da dama. Daga 1914 shi ne shugaban babban taron ekklesiyoyin Mennonawa na Kanada, ya riƙe wannan aiki kusan ba yankewa har 1940.

Ba za mu wuce maganar matarsa da sauri ba. Aikin Dauda ya kan raba shi da gida mako da makonni, albashinsa kuma ba mai yawa ba ne, hannunsa kuwa a buɗe ya ke ga kowane mai roƙo. Ita ce ta riƙe gidan, ta yi renon yara, ta karɓi baƙin da ba su yankewa a ƙofarsu. Idan mun yaba wa itace saboda inuwarsa, kada mu manta da saiwar da ke ƙarƙashin ƙasa.

Kuka Daga Rasha

A 1917 juyin mulki ya auku a Rasha, yaƙin basasa ya biyo baya. Ƙauyukan Mennonawa na ƙasar Yukren suka zama filin daga. Rundunar wani madugu mai suna Nestor Makhno ta yi ta kai musu hari, ana kashe maza, ana ƙone gidaje, ana kwashe hatsi da dabbobi. Bayan wannan zazzaɓin da ƙwarƙwata ke kawowa ya kashe mutane da yawa, sa'an nan babbar yunwa ta 1921 da 1922 ta sauka. 'Yan'uwa na Amurka da Kanada suka haɗa kai a 1920, suka aika da abinci. Amma sabuwar gwamnatin Kwaminis ta ƙwace gonaki, tana kuma gāba da addini. Da yawa suka ga ba sauran zama, sai fita. Wani shugabansu, B. B. Janz, ya yi ta kai da kawowa a ofisoshin gwamnati har ya samo musu izinin tafiya.

To, ina za su nufa? Amurka ta ƙuntata ƙofarta. Kanada kuwa ta kafa doka a 1919 ta hana Mennonawa shiga, domin suna jin Jamusanci, sun kuma ƙi zuwa yaƙi. Shugabannin ekklesiya suka kai kuka wurin hukuma. Da Mackenzie King ya zama firayim minista, sai aka soke dokar a watan Yuni 1922. Amma da sharaɗi uku: 'yan'uwansu za su ba su masauki, za a zaunar da su a gonaki, ba kuwa wanda zai zama nawaya ga gwamnati. A shekarar nan aka kafa kwamitin zaunar da baƙi na Mennonawan Kanada, aka sa Dauda ya zama shugabansa.

Saura abu guda, wato kuɗin jirgi. Yawancin mutanen ba su da ko anini. Kamfanin Canadian Pacific, mai jiragen ƙasa da na ruwa, ya yarda ya ɗauko su bashi, tun daga bakin teku a Turai har cikin Kanada. Takardar farko ta mutum wajen 3,000 ce, za a biya da ruwa cikin ɗan gajeren lokaci. Kwamitin ba shi da dukiya, ba shi da abin jingina. Abin da kamfanin ya dogara a kai shi ne sunan da Mennonawa suka yi, cewa mutane ne masu cika alkawari.

Sa Hannu

A watan Yuli 1922 Dauda ya kai maganar gaban babban taro a garin Winkler. Ya tambaye su ko ya sa hannu. Kowa ya yi shiru. Ya sake tambaya har sau uku, ba wanda ya ɗaga murya. Kada mu yi saurin ganin laifinsu. Manoma ne masu iyali, suna tsoro kada a kama gonakinsu in baƙin sun kāsa biya. Waɗansu ma suka rubuta takardu suna tsame kansu daga al'amarin, waɗansu suka zarge shi da wauta, har da masu cewa riba ya ke nema.

Dauda ya auna abin. Ya san sharuɗɗan takardar suna da nauyi. Ya kuma san kowane watan da aka yi ana gardama, ana binne mutane a Rasha. Ya shaida wa taron zai ɗauki nauyin shi da ekklesiyarsa ta Rosenort, har sauran su biyo baya. Ya sa hannu. Shekararsa 52, yana da 'ya'ya cike da gida, ba shi da dukiyar da za ta biya ko kashi ɗaya cikin ɗari.

Ran 21 ga watan Yuli 1923 jirgin ƙasa ya tsaya a tashar Rosthern da ƙungiyar farko. Manoma suka zo daga ƙauyuka da kekunan doki da motoci, kowa ya ɗauki iyali ɗaya ko biyu ya kai gidansa. Daga 1923 zuwa 1930 mutum fiye da 20,000 suka iso, wajen 13,000 daga cikinsu da bashi suka zo.

Aikin bai ƙare da isowarsu ba. Likitocin Kanada suna duba kowa, wanda aka same shi da amosanin ido sai a tsare shi a hanya, waɗansu a Lechfeld ta Jamus, waɗansu kusa da Southampton a Ingila. Ta haka a kan raba uwa da ɗanta, miji da matarsa, wani lokaci har shekaru. Dauda ya yi ta rubuta wasiƙu, yana bin ofisoshi a Otawa da Montreal, yana roƙon kuɗi da tufafi a ekklesiyoyin Amurka, yana neman gonaki, yana biyan kuɗin asibitin marasa lafiya don kada a mayar da su inda suka fito. Mutane suka riƙa kwatanta shi da Musa, wanda ya fito da jama'a daga Masar, ya kuma sha gunaguninsu a jeji.

Gobara

Ana tsakiyar wannan aiki, gwaji ya shigo gidansa. A watan Disamba 1926, cikin tsananin sanyi, wuta ta kama gidan. Shi da waɗansu daga cikin iyalinsa suka ƙone, aka kai su asibiti. Wata ƙaramar 'yarsu ta rasu saboda ƙunar. Gidan da kayan ciki suka tafi. Mutumin da ya samar wa dubbai masauki ya wayi gari ba shi da nasa.

A nan aka ga amfanin abin da ya shuka. 'Yan'uwa daga wurare da yawa suka tara gudunmawa aka sake yi masa gida, har da baƙin da ba su daɗe da zuwa ba, waɗanda su ma ba su da komai. Da ya warke, ya koma bakin aikinsa. Ba mu ce baƙin cikin ya gushe ba, gama iyaye sun san irin wannan miki ba ya rufewa sarai. Amma bai bar shi ya hana shi jin kukan 'ya'yan waɗansu ba.

Ƙofa Ta Rufe

A ƙarshen 1929 dubban manoma masu jin Jamusanci, yawancinsu Mennonawa, suka bar ƙauyukansu suka taru a bayan birnin Mosko suna neman izinin fita, gama Stalin ya soma tilasta wa mutane shiga gonakin gwamnati. Dauda ya roƙi hukumomin Kanada da iyakar ƙoƙarinsa. Amma kasuwa ta faɗi a duniya, aiki ya yi wuya, zukatan mutane sun juya wa baƙi baya, gwamnatin lardinsa ma ta ƙi. Waɗansu dubbai kaɗan suka sami fita zuwa Jamus, da yawa daga cikinsu suka ƙare a Paraguwai da Barazil. Sauran aka cusa su a jiragen ƙasa, aka mayar da su, waɗansu aka kai su wuraren bauta masu nisa. Wannan ya zama masa babban ciwon rai. Ya kuma nuna cewa da ya jira a 1922 har kowa ya yarda, da ƙofar ta rufe kafin a sami wanda ya shiga.

Bashin Tafiya

Uwar kuɗin bashin ta haura dala 1,700,000, ban da ruwa. Shekarun 1930 kuwa shekarun fari ne a yammacin Kanada. Iska ta kwashe ƙasar gonaki, fāra ta cinye saura, kuɗin alkama ya faɗi warwas. Da yawa suna so su biya, ba hali. Waɗansu sun mutu sun bar gwauraye da marayu. Akwai kuma waɗanda suka sami hali amma suka yi ko oho, suka sayi mota suka manta da jirgin da ya kawo su. Waɗannan su suka fi ɓata masa rai.

Dauda bai yarda a ce bashin ya bi ruwa ba. A ganinsa, jama'ar da ta ƙi rantsuwa domin ta ce maganarta ta isa, in ta ci bashi ta ƙi biya, ta ɓata sunan Ubangijinta a gaban duniya. Ya yi ta yawo ekklesiya ekklesiya yana gargaɗi. Wani ƙaramin abokin aikinsa, C. F. Klassen, wanda shi ma cikin baƙin ya zo, ya bi gida gida shekara da shekaru yana karɓar abin da ya samu, ko dala ɗaya ce. Shugaban kamfanin, Sir Edward Beatty, ya yi haƙuri da su saboda ya amince da Dauda, kamfanin kuma ya yafe wani kashi na ruwan kuɗin. Daga baya ekklesiyoyi suka ɗauki bashin matattu da na matalauta suka raba a tsakaninsu, waɗanda suka gama biyan nasu suka sake sa hannu a aljihu domin na waɗansu.

Ƙarshen Kwanakinsa

Da yaƙin duniya na biyu ya tashi, Dauda yana cikin dattawan da suka je Otawa a 1940 don a ba samarinsu wani aikin taimakon ƙasa maimakon ɗaukar bindiga, aka kuwa yarda. A 1941 matarsa ta rasu, bayan shekara 40 da ɗoriya suna tare. Ciwon sukari ya raunana shi, kunnensa ya yi nauyi, 'ya'yansa mata suka riƙa jiyyarsa. A 1946 ya sauka daga shugabancin kwamitin, J. J. Thiessen ya gāje shi. Abu ɗaya ya rage yana damunsa, kada ya mutu da alkawarin da ya sa wa hannu bai cika ba.

A watan Nuwamba 1946 aka biya ragowar kuɗin duka. Thiessen ya tafi Rosthern ya kai masa labari. Da fari tsohon bai gaskata ba, yana tsammani so su ke su kwantar masa da rai kawai don sun ga ya kusa tafiya. Sai da aka ɗaga murya aka sake tabbatar masa, sa'an nan ya fashe da kuka, ya yi godiya ga Allah. Shekara 24 ke nan tun ran da ya sa hannu. Bayan wata uku, ran 25 ga watan Fabrairu 1947, ya huta.

Abin Da Za Mu Ɗauka

'Yan'uwa, mu ma mun san yunwa, mun san fari, mun san yadda mutum ya kan bar garinsu da tabarma a kai. Waɗansunmu an kore su daga gidan iyaye saboda sun bi Yesu, wani mai bi ya buɗe musu zaurensa. To, wanda aka taɓa karɓa, shi ya fi kowa sanin yadda a ke karɓar wani. Kada mu jira sai mun yi arziki kafin mu yi wa baƙo shimfiɗa.

Mu kuma lura da maganar bashi. Maƙwabtanmu ba su karanta littattafanmu, amma suna karanta mu a kasuwa. In Kirista ya ci bashin hatsi da bazara, ya zo kaka ya ɓuya, wa'azin shekara guda ya rushe. In kuwa ɗan'uwa ya kāsa biya da gaske, ko ya mutu ya bar marayu, ekklesiya ta tallafa, gama jiki ɗaya mu ke.

Daga ƙarshe, mu tuna da matan da ke riƙe gidajen masu bishara da na dattawa, mu girmama su, mu taimake su tun suna da rai. Jikokin mutanen da Dauda Toews ya kawo sun yaɗu a Kanada, makarantar da ya kafa a Rosthern ta haura shekara 100. Allah ya ba mu irin wannan aminci, mu cika abin da muka ɗauka, a gida da cikin ekklesiya, har ran da zai kira mu. Amin.